Takunkumina da Kular Mma Wasilatu

Tun ranar Asabar saƙon Awal ya hana ni zama wuri ɗaya. Na karanta shi a ɗaki, na karanta shi a kicin ina jiran tuwon Abba ya sulala, har sai da Umma ta tambaye ni ko wayar ce za ta kwashe tuwon. Ga shi nan, ku ma ku gani:

"Muhsina, Mma ta sauka lafiya. Ranar Talata bayan la'asar ina da zagayen cin abinci a kasuwar Suk Wakif, zan zo da ita. Na ajiye gurbi biyu, ke da ƙawarki Fausatu. Ki zo ku ga juna. Cikin jama'a ne, ba wanda zai ce komai."

Ba wanda zai ce komai. Namiji kenan.

Wanda yau ya fara bin labarina, bari in taƙaice masa. Sunana Muhsina, 'yar Injiniya Baballe, mutanen Kano ne mu, aikin gas ya kawo Abba Doha tun ina firamare, muna zaune a unguwar Old Airport. Awal kuwa, cikakken sunansa Mohammed-Awal, ɗan Zangon Kumasi ne. Korona ce ta haɗa mu. Lokacin da aka killace gidanmu, Abba da Umma duk suna kwance, shi ne mai kawo mana cefane ya ajiye a bakin ƙofa. Wata rana ya ji ni ta bayan ƙofa ina kuka ina lallashin Umma ta sha ko da kunu ne, sai na ji an ce, "Allah ya ba su lafiya," da Hausa, a ƙasar da ban taɓa zaton mai kawo kaya zai ji abin da nake faɗa ba. Daga nan aka fara. Yanzu ya bar wancan aikin, wani ƙaramin kamfani ya ɗauke shi jagora, yana zagayawa da baƙin gasar ƙwallo ta kofin duniya suna ɗanɗana abincin gari.

A gidanmu maganarsa tana nan a rataye. Abba bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce a bari ƙwallo ta wuce tukuna. Ni dai na san har yau bai huce ba da Ghana ta je har Abuja ta hana Najeriya zuwa gasar nan, ko tutarsu ya gani a jikin mota sai ya yi tsaki. Umma kuwa tana da nata ɗan takarar, Dakta Abdulganiyu, ɗan aminiyarta, likitan ƙashi, mutumin kirki wanda kullum da safe yake turo mini hoton fure iri ɗaya da addu'a iri ɗaya. Saboda haka babu zancen Mma, mahaifiyar Awal, ta tako gidanmu. Kuma mako mai zuwa za ta koma, don ta bar wa ƙanwarta rumfar abincinta a Kumasi. Awal bai ɓoye mini ba tun farko: mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, da tukunyar matar nan aka raine shi, ba zai auri wadda ba ta sa wa albarka ba. Ganin nan guda ɗaya shi ne komai.

To me ya hana ni cewa to nan take? Abinci.

Ku da kuka taso a irin gidanmu kun riga kun gane. Umma tana da dokoki da yawa, amma biyu ne ba ta wasa da su: mace ba ta tauna abu a titi, kuma ba a ci a gaban suruki. Kakata ta wajen Abba har ta koma ga Allah ba ta taɓa ganin Umma ta haɗiye ko ruwa ba, kuma Umma tana ba da labarin nan kamar yadda wasu ke ba da labarin aikin Hajjinsu. Ni kaina Awal bai taɓa ganin ina ci ba. Sau ɗaya ya saya mini shayin karak, na riƙe kofin har ya huce ya yi fata a sama, na kai gida na shanye a bayan ƙofa. Yanzu wai in bi layin kasuwa, daga wannan tukunya zuwa waccan, ina tauna a tsaye, a gaban mahaifiyarsa.

Sai na shiga shafin kamfanin nasu ina karanta ra'ayin waɗanda suka taɓa zuwa, ko zan samu abin da zai yanke mini shawara. Wani Bajamushe ya ce ya cancanta, a zo da yunwa. Wata daga Brazil ta ce abincin da ake bayarwa kaɗan-kaɗan ne, ta koma masauki ta ƙara da burodi. Wani ya ce ɓata lokaci ne, kowa zai iya shiga kasuwa ya saya da kansa, me za a yi da jagora. Wata kuma ta rubuta cewa jagoran yana da murmushi mai kyau, na daɗe ina kallon hotonta. Na karanta har idona ya yi zafi, ban samu ko mutum ɗaya da ya faɗi yadda ake yi idan surukarka ce a gefenka ba.

Na kira Fausatu, ƙawata ce 'yar Zariya, tana aikin jinya, tana zaune a Al-Sadd. Ta saurare ni har na gama, ta ce matsalata ita ce ƙoshi, da na yi aikin dare biyu a jere da ko a gaban alƙali zan ci. Ta ce in je in ci, wa ya san ni a cikin mutum dubu. Na ce Allah ya san ni, Umma kuma tana da idanu a kowane lungu na garin nan. Ta ce to kar in je. Na ce in ban je ba matar za ta ce na raina ta. Ta ce to in je. Haka muka yi ta juyawa har katina ya kusa ƙarewa, ta ce ita dai za ta je ko ba ni, an ce akwai lukaimat.

Ina buɗe durowa ranar Talata ina neman fil ɗin mayafi sai na ci karo da ragowar takunkuman zamanin korona, sababbi a ledarsu. Wallahi ji na yi kamar an yaye mini duhu. An daɗe da daina tilasta sa shi, amma wa zai tuhumi mai kiyaye lafiyarta a cikin wannan cunkoso? Zan je, zan gaishe ta, bakina a rufe, babu mai matsa mini. Za ta ga yarinya mai kunya da tarbiyya, ta koma Kumasi tana yabo. Har rawa na taka a gaban madubi saboda jin daɗin wayona.

Kaya kuwa sai da na sauya har na gaji. Abaya baƙa ta mayar da ni kamar mai zuwa ta'aziyya. Leshi ya yi yawa, za a ce na zo nuna arziki. Na tsaya a kan atamfa ruwan ganye, riga da siket, da mayafi ruwan madara da takalmi marar tsini. Na ce wa Umma zan raka Fausatu Suk Wakif, wanda ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Tana kan waya da Maman Abdulganiyu, ta ɗaga mini hannu kawai, na ji tana cewa, "To shi kenan, sai kin zo." Ban kawo komai a raina ba. Su biyun suna fita tattaki Kornish, titin bakin teku, saboda likita ya ce Umma ta riƙa motsa ƙafa, amma ranar Alhamis suke zuwa.

Jirgin ƙasa a cike yake da 'yan kallo, masu ganga da masu fenti a fuska. A bakin kasuwa muka hango Awal da 'yar tutarsa a hannu, mutanensa sun kewaye shi: 'yan Meziko biyu da manyan malafuna, wani Bajapane da matarsa, wani tsohon Bature da rana ta gasa ya yi jawur, da wasu samari 'yan Ghana da muryarsu ta dushe saboda ihun cin Koriya da suka yi jiya. A gefensa ga wata dattijuwa gajera kakkaura, ta yafa gyalen tutar Ghana a kan hijabinta, tana riƙe da wata jaka mai nauyi da ta hana kowa taɓawa. Ba sai an gaya mini ba, goshinsu ɗaya.

Na durƙusa har ƙasa a nan kan dutsen kasuwa na gaishe ta. Ta ajiye jakar ta ɗago ni ta rungume, tana ƙamshin man kaɗe da turaren wuta. Ta ce ashe ni ce muryar bayan ƙofa. Sannan ta dubi takunkumin ta tambaya ko ba ni da lafiya ne. Na ce lafiyata ƙalau, sabo ne kawai. Ta ce, "To."

Aka fara. Wurin farko wata Balarabiya ce mai yin regag, wani burodi siriri kamar takarda da ake shafa wa ƙwai da cuku. Awal yana bayani da Turanci, ya juya ya yi ciniki da Larabci, ya ce wa mutanensa yalla, wato mu je, ni kuma ina satar kallonsa ina jin kamar ni na haife shi saboda alfahari. Mma Wasilatu ta gutsura, ta tauna a hankali kamar mai sauraron wani abu, ta ce wutar matar ta yi daidai. Ta raba nata biyu ta miƙo mini. Na sunkuyar da kai na ce na gode, na ƙoshi.

A wurin masu harisa, wato alkama da nama da aka dafa har suka narke, ta ɗanɗana ta ce wannan abincin wanda haƙoransa suka ƙare ne, ina yajin yake. Samarin Ghana suka kwashe da dariya, Awal ya fassara wa Baturen, shi ma ya dara. Ta cika cokali ta nufo ni da shi. Na ce Alhamdulillahi, Mma, a ƙoshe nake. Cikina kuwa tun karin safe babu komai, yana ta ƙugi har ina tsoron 'yar Japan ta ji.

Wayata ta yi motsi. Awal ne, yana tsaye taku kaɗan daga inda nake: "Ki ci ko loma ɗaya, don Allah."

Na rubuta: "A gabanta? Ka rufa mini asiri."

Bai gani ba, 'yan Meziko sun tare shi da tambaya. Muka wuce wurin lukaimat, masu kama da ƙananan fanke da aka tsoma a ruwan dabino. Fausatu ta ci nata ta ci nawa, tana lumshe ido. Wannan karon Mma ba ta miƙo mini ba. Na lura ta daina ba'a, ta daina yi wa masu girki gyara, tana tafe a baya da jakarta tana sauya ta daga hannu zuwa hannu. Na je zan karɓa ta ce in bari. Ni a haukata na ɗauka gajiya ce, har ina yaba wa kaina cewa na riƙe mutuncin gidanmu, ko Umma ce iyakar abin da za ta yi kenan.

A bakin Kornish aka ƙare, inda jiragen katako suke ɗaure. An hana motoci bin titin saboda gasar, mutane ne kawai ke kai da kawo, rana ta yi sanyi tana shirin faɗuwa. Aka raba karak, baƙi suka yi hotuna da Awal suka watse, saura mu huɗu. Mma ta samu benci ta zauna, ta buɗe jakar nan, ta fito da kula babba naɗe da tawul.

Da ta ɗaga murfin sai ƙamshi ya ratsa har cikin takunkumina. Waakye ne, shinkafa da wakensu na Ghana da ake dafawa da karan dafi har ya yi ja, ga taliya a gefe, ga dafaffen ƙwai da ganda, ga shito, wannan baƙin yajin nasu mai mai. Awal ya matso ya ce mini a hankali tun asuba take kansa, kuma karan dafin daga Kumasi ta taho da shi, sai da ta rage zannuwanta kafin ya samu wuri a akwati.

Ta riƙo kular da hannu biyu ta miƙo mini. "Wannan ba na kasuwa ba ne. Naki ne."

Masu karatu, da a ce akwai wanda zai mintsine ni a lokacin. Abin da na gani kawai shi ne bencin a fili, mutane na wucewa, ga Awal, ga mahaifiyarsa, ga muryar Umma a kunnena. Na ce, "Allah ya saka da alheri, Mma. Na ƙoshi. Sai dai in tafi da shi gida."

Ta ɗan jima tana kallona. Ta mayar da murfin ta danna shi sosai. Ba ni ta yi wa magana ba, ɗanta ta yi wa.

"Awal, raka ta ta tafi. Ya isa."

"Mma…"

"Tun kana goye nake sayar da abinci a bakin titi. Na san fuskar wanda ya ƙoshi, na san ta mai ƙyama. Duk kasuwar nan babu wanda ya toshe hanci sai ita. Bature ya ci, na Japan ya ci da hannu. In warinmu take ji, ba laifi, kowa da gidan da ya fito."

Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa ya fi ciwo. Awal ya tsaya da 'yar tutarsa a hannu, bai dube ni ba, bai dube ta ba. Ashe duk tsawon yammacin nan da nake ganin ina gina wa kaina daraja, ita mari take ji, ɗaya bayan ɗaya. Garin neman gira na kusa rasa ido. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba tun ranar da aka ɗauki Abba a motar asibiti, don na ga Awal yana fita daga hannuna, kuma ni na sake shi.

Fausatu ta buɗe baki za ta yi bayani, na riƙe hannunta. Na sake durƙusawa a gaban bencin.

"Mma, wallahi ba ƙyama ba ce. Kunya ce. A wurinmu ba a ci a gaban suruka, girmamawa ce. Takunkumin ma don kar a ce in ci na sa shi."

Ta dube ni, ta dubi Fausatu da ke gyaɗa kai, ta ce lallai Kano da nisa. Sannan ta ce, "A Zango wanda ya ƙi abincinka kai ya ƙi. Ni ban yi boko ba, ban zo da gwal ba. Da wannan na zo gaishe ki."

Na kai hannu na fizge takunkumin, igiyarsa ta maƙale a ɗankunnena, Fausatu ta cire mini tana ƙunshe dariya. Ta zuba mini ruwan gora na wanke hannu. Ni da kaina na buɗe kular a kan cinyar Mma, na yi bismillah, na cusa hannu.

Shiton nan ba ya wasa. Lomar farko ta sa ni tari, hawaye suka zubo, ban san na yajin ba ne ko na abin da ke raina. Mma ta buga mini baya tana dariya har gyalenta ya zame, ta ce haka ake so, ta ɓare ƙwai ta tura mini gabana, ta ce in haɗa da gandar. Na ci. Kunyar tana nan, fuskata kamar an kara mini garwashi, amma na ci, mai yana gangarowa har wuyan hannuna. Awal ya juya mana baya yana kallon teku, shi ne kawai ya tausaya mini a wurin, kafaɗunsa dai suna rawa. Mma ta ce masa ya juyo ya ga 'yarta, ai ta iya loma. 'Yarta ta ce. Na ji kalmar har tafin ƙafata.

Na cika baki da loma ta ban san nawa ba kenan sai na ga Fausatu ta miƙe tsaye zumbur, gorar ruwa ta faɗi daga hannunta.

Mata biyu ne suka tsaya a gabanmu, da mayafansu da takalman kambas na tattaki. Ɗaya Maman Abdulganiyu ce, ta dafe ƙirji. Ɗayar Umma. Ashe sun sauya rana ne don su zo kallon baƙi.

Mma Wasilatu ba ta san su ba. Ta ga mata sun tsaya suna kallon abinci, sai ta yi abin da ta saba yi duk rayuwarta, ta ce, "Hajiya, bismillah."

Umma ba ta ko dube ta ba. Idonta yana kan hannuna, da bakina, da takunkumin da ke yashe a ƙasa.

"Muhsina. Wace ce wannan?"

Bakina cike yake, kuma ita ta koya mini ba a magana da abinci a baki. Na kasa haɗiyewa, na kasa furzarwa. Mma ta dubi fuskar Umma, ta dubi tawa da yanzu take a buɗe, na ga lokacin da ta gane. Ta miƙe a hankali tana dafa gwiwa, ta goge gefen kular da tawul, ta riƙe ta da hannu biyu ta miƙa wa mahaifiyata.

"Ke ce uwarta. Ni ce uwar Awal. Zauna, da ke na dafa."

Umma ta dubi kular, ta dubi aminiyarta, sannan ta dube ni. Hannun Mma yana nan a miƙe da nauyin kular, kuma a wurin nan ni kaɗai ce 'yar gidanmu da ta san abin da ake nufi a Zango idan aka bar shi a haka.